Kwalin cakulan na alfarma: tambayoyin da ake yawan yi mini a Aboabo

Sana'ata haɗa kayan lefe da kwandunan kyauta ce a nan Aboabo, Kumasi. A 'yan shekarun nan kwalin cakulan ya shigo cikin abin da mutane ke nema, musamman irin mai gida-gida ɗin nan da kowace ƙwaya take zaune a ɗakinta kamar amarya, wata mulmulalliya, wata mai kusurwa huɗu, wata an naɗe ta da takarda mai ruwan zinariya. Wani ɗansa ne ya aiko masa daga Jamus, wata a filin jirgi ta saya a hanyar dawowa daga Umara, wani kuma a Kumasi City Mall ya gani ya runtse ido ya biya. Daga nan sai waya ta fara ƙara. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Idan kun ji na ce koko a nan, ba wanda muke sha da ƙosai da safe nake nufi ba, na gona nake nufi, wanda ake shanyawa a tabarma a ƙauyukan Asante.

Hajiya, me ya raba wannan da cakulan ɗin da yara ke saya a kanti?

Mai. Ƙwayar koko kusan rabinta mai ne, kuma wannan man yana da wata ɗabi'a: a cikin ɗaki mai sanyi yana da tauri, amma yana narkewa a wajen digiri 34, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Shi ya sa cakulan na gaske yake karyewa da ƙara "ƙas" a hannu, amma da ya hau harshe sai ya saki jiki ya ɓace. Mai araha sau da yawa an cire man kokon an zuba wani mai a madadinsa, sai ki ji yana manne miki a dasashi kamar kin tauna kyandir.

Sai niƙa. Cakulan mai kyau ana daɗewa ana niƙa shi ana juya shi har harshe ya kasa jin tsaki ko guda. Wani Baswise mai suna Rodolphe Lindt ne ya fito da injin wannan aikin a 1879. Na uku shi ne abin da ke cikin ƙwayar, domin a irin wannan kwalin cakulan ɗin ɓawo ne kawai, kuɗinki yana cikin cikon.

Sunayen da ke jikin 'yar takardar nan fa? Ban gane ko ɗaya ba.

Kada ki yar da takardar, ita ce taswirar kwalin. Sunaye huɗu zuwa biyar ne suke ta dawowa. Praline a wajen mutanen Beljiyam ita ce duk wata ƙwaya mai ɓawon cakulan da ciko mai laushi. Jean Neuhaus ne ya fara yin ta a Brussels a 1912, matarsa kuma ta ƙirƙiro kwalin da ake jera su a 1915, don a daina zuba su a takarda suna farfashewa. Idan aka rubuta praliné da ɗigo a kan harafin ƙarshe, cikon ne ake nufi: gyaɗar Turawa, hazelnut ko almond, da aka soya da sukari aka niƙa. Wanda ya san alewar gyaɗa ya san danginta.

Ganache kirim ɗin madara ne da aka dama da cakulan, shi ne mafi laushi kuma mafi saurin lalacewa. Truffle ganache ne da aka mulmula kamar fura aka birgima shi a garin koko. Gianduja daga birnin Turin na Italiya ta fito, cakulan ne da aka niƙa tare da hazelnut har suka zama abu ɗaya. Marzipan kuwa almond ne da sukari, kuma a gidanmu shi ne yake kwana a kwali bayan kowa ya zaɓi nasa.

Gaskiya ne akwai giya a ciki?

A wasu, ƙwarai kuwa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo kafin a buɗe kwali, amma yawanci sai bayan an cinye rabi ake kira na.

Masu yin cakulan a Turai suna zuba giya a ciko don ƙamshi, kuma tana sa cikon ya daɗe bai lalace ba. Wani lokaci ruwan giyar ne zalla a cikin ɓawon, da kin ciza zai zubo. Wani lokaci kuma an dama ta cikin ganache ne, ba za ki gan ta ba, sai dai ki ji wani ɗumi a maƙogwaro. Abin da ya sa kwalin gauraye ya fi sandar cakulan haɗari shi ne ƙwaya ashirin na iya zama lafiya lau, huɗu kuma su zo da ita, kuma duk kamarsu ɗaya.

Ki juya kwalin ki karanta jerin kayan haɗi. Kalmomin da za ki nema su ne alcohol, liqueur, rum, whisky, brandy, cognac, kirsch, amaretto, Cointreau, Grand Marnier, Irish cream, da Marc de Champagne. Idan daga Jamus aka aiko, za ki ga Alkohol ko Likör ko Weinbrand. Na Faransa da Italiya kuma alcool. Kada sunan kamfani ya ruɗe ki, domin kamfani ɗaya yana yin iri biyu: masu yin Ferrero Rocher su ne masu yin Mon Chéri, kuma Mon Chéri ɗan itacen ceri ne yana iyo cikin giya.

Akwai kuma kalmar da take tsorata mutane a banza. Idan kin ga cocoa liquor ko chocolate liquor, wannan ba giya ba ce. Sunan niƙaƙƙen koko ne tun yana ruwa-ruwa saboda mansa. Harafi biyu ne suka raba ta da liqueur, amma tsakaninsu akwai nisan Kumasi da Tamale. Na san wata baiwar Allah a Sawaba da ta zubar da kwali guda a bola saboda wannan kalmar, ta kira ni bayan an kwashe sharar.

Wasu sukan ce ai kaɗan ce, ai ta ƙone a wuta. Cikon cakulan yawanci ba a dafa shi bayan an zuba giyar, tana nan yadda aka zuba ta. Hukunci na malamai ne, ki tambayi malaminki. Ni dai a shagona duk kwalin da na ga ɗaya daga waɗannan kalmomin ba ya shiga kwandon kowa.

Idan babu giya shi ke nan, halal ne?

Saura abu biyu zuwa uku. Jelatin, wanda akan samu a ciko mai danƙo ko mai kumfa, ana iya yin sa daga fatar alade, kuma a Turai wannan shi ne ya fi yawa. E120 launin ja ne da ake samu daga wani ƙwaro, yakan fito a cikon da aka yi wa launin stroberi. E471 yana iya zama na tsiro ko na dabba, sai in an fayyace. Lecithin na waken soya da E476 daga tsiro suke, ba su da matsala. Idan kwalin yana da tambarin halal, kamar yawancin waɗanda ake sayowa daga Saudiyya da Dubai da Turkiyya, an rage miki aiki. Idan an rubuta cewa ya dace da masu ƙin cin nama, wannan ya kawar da jelatin, amma bai ce komai a kan giya ba.

To na buɗe. Ta ina zan fara, kuma yaya ake cin sa?

Nan ne nake jin mu mutanen zango muna da wata fifiko da ba mu sani ba. Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan, ta Salaga da Gwanja, kafin su sauka Kumasi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsoho yana cin goro ya ga yadda ake yi: ya ɓantari kaɗan, ya bar shi a baki, ya jure ɗacin farko, sannan ya kurɓi ruwa ya ji zaƙi ya taso. Goro da koko 'yan gida ɗaya ne a dangin itatuwa, kuma dukansu suna ɗauke da sinadaran da ke wartsake mutum. Mai cin goro ba ya buƙatar a koya masa baƙin cakulan.

Ki ɗauki ƙwaya ɗaya, ki sansana. Ki ciza rabi, ki duba cikin, don ido ma yana da rabonsa. Sannan ki bar ta a kan harshe, kada ki tauna kamar gyaɗa. Zaƙi ne zai fara zuwa, sai man ya narke, sai ƙamshin ya hau ta bayan hanci, a ƙarshe ɗan ɗaci ya zauna. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba, kuma shi kika biya wa kuɗi. Wanda ya watsa uku a baki lokaci guda yana kallon ƙwallo, da ya sayi Kingsbite, sandar cakulan ɗin da ake yi a nan Gana, da ya huta.

Game da jeri, masana sun kasu. Wasu sun ce a fara da fari, a bi da mai madara, a ƙare da baƙi, don kada mai ƙarfi ya danne mai sanyi. Wasu sun ce a fara da baƙi, don sukarin farin yana kashe harshe. Na gwada duka, na tsaya a kan na biyu: bayan farin cakulan, baƙin sai ya zama kamar maganin zazzaɓi. Abin da kowa ya yarda da shi, mai na'a-na'a da mai kofi da mai yaji a bar su ƙarshe. Uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya, bayan nan harshe ba ya rarrabewa.

Da me ake sha?

Ruwa, wanda ba na ƙanƙara ba, domin baki mai sanyi ba ya narkar da mai. Shayi ba sukari ma yana tafiya da shi. Ataya ta farko mai ɗaci tana dacewa da mai madara, amma ta uku da ta sha sukari ba ta bar wa cakulan wuri. Milo da lemon kwalba kuwa, zaƙi a kan zaƙi ne. Kuma kada a ci shi bayan waakye da shito, a bari baki ya huce.

In sa shi a firij ko kada in sa? An ce firij yana ɓata shi.

Wanda ya rubuta "kada a sa a firij" a jikin kwalin yana zaune ne a ƙasar da ɗakin ajiyarsa yake digiri 16. Cakulan yana son tsakanin 15 da 18, a busasshen wuri. Kumasi a watan Fabrairu da Maris tana haura 30 da rana, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Ko a Jamus, Mon Chéri ɗin da na ambata janye shi ake yi daga kantuna idan bazara ta shigo. To ina ga Asawase da azahar? In ba kina da ɗaki mai na'urar sanyi dare da rana ba, firij ne gatanki. Sai dai akwai yadda ake yi.

Abokan gabar cakulan a firij biyu ne, wari da laima. Man koko yana zuƙar wari kamar soso. Kwali ɗaya da ya kwana kusa da kifin momoni ko yankakkiyar albasa ya tashi daga aiki. Don haka ki sa kwalin cikin leda ki ɗaure, ki sa ledar cikin roba mai murfi, ki ajiye a aljihun ƙasa inda ake sa ganye, nan ne sanyin bai yi tsanani ba. Ban da gidan ƙanƙara.

Fitarwa ita ce inda ake kuskure. Idan kin buɗe shi nan take, iskar ɗaki mai laima za ta sauka a kan ƙwayoyin masu sanyi, su yi zufa kamar kwalbar ruwan sanyi. Ki fito da robar a rufe, ki bar ta kamar minti talatin, zufar ta tsaya a jikin roba, sannan ki buɗe. Kuma ki ciri iya abin da za a ci, kada kwalin ya yi ta shiga yana fita.

Idan aka yi dumsor, wato aka ɗauke wuta, kada a yi ta buɗe firij ana leƙawa. Rufaffen firij yana riƙe sanyinsa na wasu sa'o'i. Abin da ke kashe cakulan ba zafi sau ɗaya ba ne, hawa da sauka ne, ya yi laushi ya daskare, ya sake laushi ya sake daskarewa. In wutar unguwarku ba ta da tabbas a wannan makon, ki tara mutanen gida a cinye shi. A lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, idan dare ya yi sanyi iska ta bushe, yana iya kwana biyu zuwa uku a ɗakin da rana ba ta bugunsa.

Nawa ya yi fari-fari a sama. Ya ruɓe ne?

Furfura ya yi, ba ruɓewa ba. Iri biyu ce. Idan zafi ya taɓa shi, man yakan taso sama ya daskare, ki shafa da yatsa za ki ji santsi kuma ya goge. Idan laima ce, sukarin ne ya narke ya sake bushewa, za ki ji shi gantsar-gantsar kamar yashi. Duka biyun ba sa cutarwa, sai dai armashin ya ragu. Amma ki raba ƙwayar biyu ki duba cikon. In akwai gashi-gashin fumfuna, ko warin tsami, ko ɓawon ya tsage ruwa yana tsatsowa, wannan ta bola ce.

Zan iya ajiye shi har Sallah?

Wace Sallar? In saura mako biyu, to. In ta baɗi ce, a'a.

Wannan ɗabi'ar tamu ce, kuma ni ma na gaje ta. Abu in ya yi kyau sai mu sa shi a kabad mai gilashi tare da kwanukan da ba a taɓa ci da su ba. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ta ajiye wani kwali da aka kawo mata daga Landan sama da shekara, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Ranar da aka buɗe, tururuwa sun riga mu, abin da suka bari kuma ya zama kamar busasshen sabulu. Sandar baƙin cakulan zalla tana iya shekara ko fiye. Kwalin kamfani mai ciko yana yin watanni, ranar tana rubuce a jiki, amma wannan lissafin na wanda ya ajiye shi a sanyi ne. Wanda aka yi da hannu da ɗanyen kirim kuwa mako biyu zuwa uku ne ransa. Mafi tsadar shi ne mafi gajeren kwana.

Ina so in sa shi a lefe. Ya dace?

Ya dace, amma ba a cikin akwati ba. Lefe yana kwana ana haɗa shi, a ɗora a mota, a baje a tsakar gida mata suna ɗagawa suna gani, ga turare ga sabulu a gefe. Na taɓa ganin leshi mai tsada da cakulan ya narke a kai, kuma man koko ba ya fita da wanki ɗaya. Ki saye shi ana gobe, ya kwana a firij, ki ba wata ta riƙe shi daban a cikin kula, a miƙa wa uwar amarya hannu da hannu a ce mata na ci ne yau. Haka ma ranar suna.

Wai da gaske kokonmu ne ake yin sa da shi? To me ya sa tsadar?

Akwai yiwuwar haka sosai. Gana da Kodebuwa su biyu suna noma wajen rabin kokon duniya, kuma Gana ta daɗe tana matsayi na biyu. Tetteh Quarshie, wani maƙeri, ya dawo da irin daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, shekarar da Lindt ya ƙera injinsa a can Suwizalan. Zuwa 1911 ƙasar nan ce kan gaba a duniya, kuma ta riƙe wannan matsayin har cikin shekarun 1970. Mutanenmu da yawa daga arewa da ƙwadagon gonar koko suka fara kafin su kafa gida a zango.

Kokon Gana yana da suna a kasuwa saboda yadda manomi yake yi masa: ya fasa ƙwallon, ya tara 'ya'yan a kan ganyen ayaba ya rufe kamar kwana shida su yi zafi su canza launi, sannan ya shanya a rana yana juyawa yana tsince marasa kyau. Ba tare da wannan rufewar ba, babu ƙamshin cakulan ko an kai shi ina. Daga nan a zuba a buhu mai kilo 64, a auna, hukumar koko ta ƙasa, COCOBOD, ta tantance, ya nufi Tema ko Takoradi.

Abin da yake dawo mana a kwali ya biya kuɗin jirgi sau biyu, ya biya madara da hazelnut da ma'aikacin Turai, ya biya kwalin da kintinkiri, ya biya sanyin da aka riƙe shi a ciki tun daga can, ya biya kwastan, sannan ga canjin sidi. Rabon manomin a ciki ɗan kaɗan ne. A 2024 kuma farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, saboda amfanin gona ya faɗi a nan da Kodebuwa: cutar kumburin reshe, rikicewar damina, ga galamsey, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ke cinye gonaki. Tun daga lokacin za ki lura kwalaye sun ƙara kuɗi ko sun rage ƙwaya.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin ɗari na wasu mayukan tsiro a cakulan, kuma man kaɗanya yana cikinsu. Wato mai yiwuwa a ƙwaya ɗaya akwai gumin manomin Sefwi da na matar da ta tsinci kaɗanya a arewa.

Babu na gida ne? Dole sai na waje?

Akwai, kuma ina ƙara tura mutane wajensu. Golden Tree na kamfanin sarrafa koko da ke Tema kowa ya san shi, Kingsbite da Oranco da Akuafo da Portem. Yana da tauri, yana jure zafinmu fiye da na Turai, shi ya sa ake tallarsa a kan titi da rana tsaka. Wasu suna raina shi don ba ya narkewa da sauri, ni kuwa ina ganin ɗanɗanon kokonsa ya fi na kwalaye da yawa da suka sha ado. Niche ma a Tema take. Fairafric tana da masana'anta a Amanase kusa da Suhum. A Accra akwai '57 Chocolate, wadda wasu 'yan'uwa mata biyu suka kafa, suna buga alamomin gargajiya na adinkra a jikin ƙwayoyinsu, da Midunu mai haɗa truffle da kayan ƙamshin Afirka. A nan Kumasi kuma hedikwatar Kuapa Kokoo take, ƙungiyar manoman da aka kafa a 1993, waɗanda suka shiga da hannun jari aka kafa cakulan ɗin Divine a Ingila.

Amfanin na gida, bai yi wata guda a teku ba, kuma za ki iya tambayar mai yin sa kai tsaye ko ya zuba giya.

Me ake nufi da 70% da nake gani?

Yawan abin da ya fito daga ƙwayar koko ke nan, gari da mai a haɗe. Ragowar kusan duk sukari ne. Lamba mai yawa tana nufin ƙarin ɗaci, ba lallai ƙarin kyau ba. Farin cakulan man koko ne da madara da sukari, babu garin, shi ya sa ba shi da ɗaci ko kaɗan. A kwalin gauraye lambar ta ɓawo ce kawai.

Alhaji yana da ciwon sukari. In ba shi baƙin?

Baƙin ɓawo ba ya nufin cikon ba sukari. Caramel da aka lulluɓe da baƙin cakulan alewa ce sanye da baƙar riga. In likitansa ya yarda, ƙaramin yanki na sandar baƙi zalla bayan abinci ya fi masa. Masu rubutun "babu sukari" kuma yawanci da maltitol ake yin su, yana ɗaga sukarin jini ko da bai kai na sukari ba, kuma in an ci da yawa yana sakin ciki. Golden Tree suna da irin wannan mai suna Aspire.

Abin da ya fi sukari gaggawa shi ne gyaɗa. Duk wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko danginta, ya nisanci kwalin gaba ɗaya, domin a injin guda ake yin su. Ƙananan yara kuma a kula da masu ƙwayar hazelnut sukutum a tsakiya saboda shaƙewa. Kada a jefa wa kyanwa ko kare, guba ne a gare su.

Ana buɗa-baki da shi?

Dabino da ruwa tukuna. Bakin da ya wuni a bushe ba ya jin komai sai zaƙi, asara ce. Bayan tarawihi, da shayi, lokacin da gida ya natsu, nan ne wurinsa. Baƙin yana ɗan hana barci, mai son tashi sahur ya kiyaye.

Ɗana zai zo daga Italiya. Yaya zai kawo shi lafiya?

Ya riƙe shi a jakar hannu, kwalin a kwance, ba a tsaye ba. Jirgi ba shi ne matsalar ba, daga filin jirgin Accra zuwa nan ne. In motar VIP zai hau, kada ya yarda a sa jakar a ƙasan mota tare da kaya, ya ɗora ta a cinya inda sanyi yake. Daga tasha zuwa gida kuma kada ya tsaya gaishe-gaishe a Alabar kwalin yana cikin pragya, keken nan mai ƙafa uku. In ya iso kin ji ya yi laushi, kada ki buɗe, kada ki taɓa, ki sa a firij yadda na faɗa ya kwana. Ki kuma gaya masa tun yana kanti ya karanta bayan kwalin, don a Italiya masu giya suna da yawa.

Ranar 14 ga Fabrairu fa? Ba bikin masoya ba ne?

A Gana sunanta Ranar Cakulan ta Ƙasa. A zamanin Shugaba Kufuor aka mayar da ita haka, lokacin Jake Obetsebi-Lamptey yana ministan yawon buɗe ido, don a ja hankalin mutane su ci abin da ƙasarsu take nomawa. Wanda bikin bai kwanta masa ba, cakulan ba shi da rana. Ni na fi son saye bayan ranar da kwana biyu, lokacin da wasu kantuna suke neman rabuwa da ragowar, sai dai ina duba ko kwalin ya sha rana a taga.

Gidanmu mutum goma sha biyar ne, ƙwaya goma sha shida. Yaya za a yi?

Kada ki miƙa wa yaro kwalin, kada kuma ki bar shi a falo ki shiga wanka. Ki jera su a faranti, ki kawo wuƙa mai kaifi da kika tsoma a ruwan ɗumi kika goge, ki raba kowace biyu, sai masu ruwa a ciki da ba sa yankuwa. Ta haka kowa zai ɗanɗana iri biyu maimakon ɗaya. A fara kai wa tsofaffi su zaɓa, ki riƙe takardar kina karanta musu abin da ke ciki. Za ki ga Baba ya ɗauki baƙin ya ce wannan ai ɗan'uwan goro ne, Inna ta ce a ba ta mai madara don haƙoranta. Maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ita ma a ba ta rabi. Marzipan ɗin da ya rage ki aiko mini, na koyi cin sa. Kwalin kuma kada a yar, gidajen nan nasa daidai suke da 'yan kunne da maɓallai.